Adana tsoffin hotuna da wasiƙun Ajami a Katsina

Gara da laimar damina su suka fi cinye takardun kakanni a Katsina, sai leda. Leda tana riƙe danshi, hoto ya manne, kana ɓamɓarowa fuskar ta biyo ta. Laminatin ma ɓarna ce, in an yi ba a warwarewa.

Cire ƙusar sitefula, tsatsarta na cin takarda. Sa farar takarda tsakanin hoto da hoto, a kwali, bisa kantar ajiye kaya, nesa da bango. Wasiƙar Ajami kuwa, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya narkar da tawadarta, domin da ƙaro ake haɗa ta. Rubuta suna da shekara a bayan hoto da fensir, biro kan ratso gaba.