Sunan Maman Walid

Laraba. An kawo wuta tun asuba, na yi guga, na cika waya da kwamfuta, Ummi ta tafi makaranta ba kuka. Hazo ya rufe gari, daga Gwammaja ko Dala ba ka hangowa. Na sayi ƙosai a bakin titi, raina fes.

Bayan isha'i muka hau Zoom da 'yan rukuninmu. Aikin dai na rukuni ne da aka ba mu a karatun da muke yi: yadda malami ɗaya zai riƙe ajin firamare mai yara sama da ɗari. Jumma'a za mu miƙa. Komai ya tafi daidai har Malam Nura ya ce malaminmu yana son kowane rukuni ya haɗa da bayanin gudummawar kowa. Sai ya buɗe Google Docs a allonsa, ya shiga wurin da ke nuna tarihin gyare-gyare, inda kowa yake fitowa da sunansa da launinsa da lokacin da ya taɓa rubutun. Ga nawa, ga na Sadiya, ga na Bashir, ga nasa. Na Maman Walid babu.

Ya ce, "Malama, ni abin da na gani zan rubuta. Amana aka ba ni."

Na ce, "Malam, kashi na biyu gaba ɗaya nata ne. Ni dai na buga."

Ya ce ya yarda da ni, amma idan aka tambaye shi hujja me zai nuna? Kuma ban ga laifinsa ba, mutum ne mai tsoron haƙƙi, kuma a zangon da ya wuce wasu sun hau bayansa sun ci maki ba su ɗaga ko tsinke ba. Maman Walid ta buɗe makirfo, ta yi sallama, ta fara cewa "Ni dai abin da zan ce", sai kiran ya yanke. Minti 40 na Zoom ɗin kyauta ya cika. Muka sake shiga, ita ba ta dawo ba.

Tun lokacin abin yake cina.

Ku da kuka san ta kun san wayar da take riƙewa. Manhajar Docs ba ta zama a cikinta, wuri ya cika. Ranar da ta gwada shiga ta mahaɗin da aka turo, ba ta sa adireshinta na Gmail ba, sai Google ya nuna ta da sunan wata dabba, baƙuwa marar suna, har Bashir ya tambaya a guruf ko wani ne ya kutso mana. Ga data. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a farkon 2025, kiran bidiyo ya zama abin da mai albashin firamare take lissafawa kafin ta hau. Saboda haka ita saƙon murya take turowa ta WhatsApp, yawanci da daddare bayan yara sun yi barci, ni kuma in sa abin ji a kunne in zauna in buga.

Kuma me ke cikin saƙonnin? Ita ce ta ce a raba aji gida-gida, kowane gida da yaron da ya fi iya karatu a matsayin babba, kamar yadda gardi yake biya wa ƙolo a tsangaya. Ita ta ce kada a kira suna ɗaya bayan ɗaya da safe, don rabin darasi zai tafi, a bar manyan gidaje su faɗi wanda bai zo ba. Ita ta kawo maganar 'yan bayan aji da ke zaune a ƙasa ba sa ganin allo, da yadda take juya layi duk mako. Mu sauran daga littafi muka kwaso namu. Ita shekara da shekaru tana tsaye gaban irin wannan aji a Kurna, muryarta ma har ta dushe. Duk wannan yanzu yana cikin takardar da launina, da sunana, da ƙarfe goma sha ɗaya na dare a gefe. Duk wanda ya buɗe zai ce ni ce mai basirar.

Can wajen goma sai ga saƙonta, gajere. "Ƙanwata, datata ce ta ƙare. Ki gaya wa Malam Nura kada ya takura kansa, in cirewa ce a cire, Allah ya ba mu sa'a baki ɗaya." Ba fushi a muryar ko kaɗan, kuma wannan ne ya fi yi min ciwo. Matar da ta biya kuɗin zango da adashi.

Abban Ummi ya ce in kwanta, gobe ma rana ce. Ban iya ba. Na koma guruf na bi saƙonninta tun daga farkon aikin, na sa wa kowanne tauraro, na rubuta kwanan wata da sakin layin da ya fito daga cikinsa, na tura wa Malam Nura. Na ce masa ga hujja, a haɗa da bayanin, in malamin yana son ji da kunnensa a tura masa muryar. Alamar shuɗi ta nuna ya karanta, bai amsa ba tukuna.

Miyar kuka ta yi saura, na sa a firij. Sadiya na son aron caja.

Gobe in an tashi daga makaranta zan hau adaidaita in kai mata kwamfutata Kurna. Kammalawar aikin ba a rubuta ba har yanzu, kuma na riga na gaya wa Bashir ya bar mata. Ta shiga da adireshinta, ta buga da hannunta ko da yatsa ɗaya ne, ni in riƙe mata Walid.