Tignes ko Val d'Isère: yinin da muka yi muna zaɓe

Lahadi, tsakiyar Nuwamba, birnin Liyon, Faransa.

Tun da na idar da sallar asuba ban koma barci ba. Na haɗa shayi, na buɗe kwamfuta a teburin kicin, na shiga kallon kyamarorin da aka kafa a kan tsaunukan Savoie, yankin da ake zuwa zamiya kan dusar ƙanƙara. Can sama fari fat. Ƙasa kuwa, wajen gidaje, busasshiyar ciyawa ce da ƙanƙara tsilla-tsilla kamar an barbaɗa gari. Abin da ya hana ni sukuni ke nan mako guda cur.

Inna za ta koma Damagaram tsakiyar Disamba, bizarta ta kusa ƙarewa. Tun zuwanta ba ta roƙe ni komai ba sai abu ɗaya: tana so ta taɓa dusar ƙanƙara da hannunta, ta kuma ga jikanta yana zamiyar nan da yake cika ta da labarinta. A Liyon ba a dogara da saukarta. Wata shekarar ta zubo ta narke kafin azahar, wata shekarar ko ƙyallinta ba a gani. Dole sai an hau dutse, kuma a farkon Disamba, lokacin da ƙananan wuraren zamiya da yawa ba su buɗe ba. Shi ya sa zaɓin ya tsaya kan maƙwabta biyu da suka saba buɗewa tun ƙarshen Nuwamba, Tignes da Val d'Isère. Hanyoyin zamiyarsu a haɗe suke, kimanin kilomita 300, tikiti ɗaya ya ishe ka duka. Tambayar dai ita ce a ina za mu kwana.

Ni Tignes na so. Tsayinsa mita 2,100, kuma a samansa akwai dutsen Grande Motte, inda ƙanƙara ta daskare shekara da shekaru. Daga unguwar Val Claret jirgi ne ke bi ta cikin dutse ya fitar da kai sama da mita 3,000 cikin 'yan mintoci. A farkon hunturu tsayi shi ne komai, domin abin da ya sauka ruwa a ƙasa, ƙanƙara yake sauka a sama. Ko injinan feshin ƙanƙarar da suke taƙama da su ba sa aiki sai sanyi ya sauka ƙasa da sifiri. Ga shi ɗakunan haya sun fi sauƙin kuɗi. Na taɓa zuwa da abokan aiki, ka fito daga ƙofa ka ɗaura takalmanka ka zame, babu neman mota.

Wajen ƙarfe tara uwargida ta fito, ta tsaya a bayana tana kallon hotunan. Ta ce, "Abban yara, kai da ɗanka za ku yini a sama. Ni da Inna fa? Mu zauna cikin waɗannan dogayen benayen muna kallon taga?"

Gaskiyarta. Val Claret benayen siminti ne da aka jera domin masu zamiya, babu itatuwa, idan iska ta taso ba inda za ka raɓe. Val d'Isère kuwa, a mita 1,850, ƙauye ne tun asali, da tsohuwar majami'arsa ta dutse, da titi shimfiɗaɗɗe mai shaguna, da motocin safa na kyauta masu kai da kawowa. Dattijuwa mai ciwon gwiwa za ta iya takawa kaɗan, ta shiga wuri mai ɗumi ta huta. Matsalarsa biyu: tsada, sai kuma hanyoyin da ke saukowa cikin garin masu tsananin gangara ne. A nan hanyar zamiya ta Face de Bellevarde take, inda maza suka yi tseren gangara a gasar Olamfik ta 1992. Yaro ɗan shekara tara da ya yi mako ɗaya tak yana koyo tare da 'yan ajinsu ba shi da abin yi a wurin. Na faɗa mata haka. Ta karɓi kwamfutar, ta nuno mini cewa a saman dutsen Solaise, sama da mita 2,500, an keɓe fili mai laushi domin masu koyo, kuma ana hawa a motar igiya a sauko a cikinta. Ashe ta riga ni bincike.

Da hantsi na kira wani ɗan uwanmu likita saboda hawan jinin Inna. Ya ce a kwana ƙasa gwargwadon iko, ta yi ta shan ruwa, ta riƙe maganinta, kada a yi gigin kai ta mita 3,000. Da na ajiye waya sai na tuna cewa dutsen da ya fi kowanne tsayi a Nijar, can cikin Bagzam, mita 2,022 ne. Wato in na kai ta Tignes, gadon da za ta kwanta ya fi duk ƙasarmu tudu. Jikina ya yi sanyi.

Bayan azahar muna cin shinkafa da miyar kuɓewa, yaron ya ɗauko taswira ya baje gaban kakarsa. Ta sa yatsa kan wani shuɗin wuri, ta ce, "Maigidana, wannan tabkin fa?" Ni na ba ta amsa. Na ce Inna, a ƙarƙashin ruwan nan tsohon garin Tignes yake. Bayan yaƙin duniya na biyu Faransa na neman wutar lantarki, aka gina madatsar Chevril mai tsayin kimanin mita 180, ruwa ya cinye garin a 1952. Mutanen sun yi turjiya iyakar ƙarfinsu, daga ƙarshe aka fitar da su. An tono mamatansu aka sake binne su a tudu, a Les Boisses, aka kuma gina musu majami'a mai kama da wadda ruwa ya ci.

Inna ta ajiye cokali. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Har kaburbura?" Na ce har su. Ta ce ta ji a rediyo ana maganar tashin ƙauyuka saboda madatsar Kandaji a yankin Tilaberi, amma ba ta taɓa kawo wa ranta cewa an yi wa Turawa irin wannan a ƙasarsu ba. Ta ce duk inda muka zaɓa, a tsaya da ita bakin ruwan nan ta gani da idonta. Na duba hanya: daga garin Bourg-Saint-Maurice da ke can ƙasa hanya ɗaya ce ke hawa, sai a madatsar take rabuwa, ta Tignes ta bi ta kan bangon, ta Val d'Isère ta bi gefen tabkin. Ko ta ina muka bi, sai mun wuce ta wurin.

Da la'asar muka yanke: Val d'Isère. Sai dai dole a san ranar da za a je. Kowane Disamba suna karɓar gasar zamiya ta duniya da suke kira Critérium de la Première Neige, wadda aka faro tun 1955, kuma a ranakun garin cika yake maƙil. Muka ɗauki ƙarshen makon da ke gabanta, daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi. Ƙaramin ɗaki muka kama mai kicin, domin abincin Savoie akasari da naman alade ko giya a ciki, ko a narkakken cukun nan nasu. Uwargida ta ce za ta soya kaji tun Alhamis, mu tafi da yaji da garin kunu. Kuɗin ya zarce abin da na tanada, na biya ban ji ciwo ba.

Bayan magariba na sauka gareji na zaro sarƙoƙin taya, domin doka ce daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris a riƙe su, ko a sa tayoyin hunturu, a yankunan tsaunuka. Na gwada ɗaura su sau biyu har hannuna ya saba. Da na hau sama na tarar da Inna zaune bakin gado, ta zura takalman sanyin uwargida a kan safa biyu, jikanta durƙushe yana ɗaure mata igiya. Ta ce na dama ya ɗan matse ta a ɗan yatsa. Gobe in Allah ya kai mu, daga wurin aiki zan biya in sayo mata nata.