Ɓerayen nawa barci suke yi

Jibi zan mayar da makullin ɗakin dabbobi in kwashe komatsaina. Shekara uku na yi a kan digirin da ake gamawa a biyu, kuma wata takwas daga ciki a wajen gyara kuskure ɗaya suka tafi.

Aikina a kan Ganoderma ne, naman kazan nan mai tauri kamar katako, ja mai sheƙi, da ke fitowa a jikin kututture da damina. 'Yan Sin na kiransa lingzhi, Japanawa reishi. Tun 1997 masu bincike a Japan suka ware wasu sinadarai daga cikinsa, dangin ganoderik asid, suka nuna suna rage raɗaɗi a jikin ɓeraye. Nawa aikin shi ne in ga ko na wajenmu ma haka yake. Na tsinto, na shanya a inuwa, na daka a turmi har taɓarya ta yi min kanta, na jiƙa a mitanol na tace.

Duk wanda ya zauna a bencin ɗakin gwaji ya san gwajin murɗa. Ka yi wa ɓera allurar asetik asid kashi 0.6 cikin ɗari a ciki, ka sa agogo, ka ƙirga sau nawa ya miƙe ƙafafun baya ya shafa cikinsa a ƙasa. Waɗanda na ba ruwan gishiri suka yi ta murɗawa. Waɗanda suka sha babban awo na naman kaza kuwa suka kwanta lamo a kusurwar keji. A faranti mai zafi, digiri 55, haka nan suka daɗe kafin su lashi ƙafa. A daren nan na kira mahaifiyata na ce ta taya ni addu'a, aiki ya yi kyau.

Baba mai kula da ɗakin dabbobi, wanda ya fi shekara ashirin yana kwashe dusar katako a ƙarƙashin keji, ya tsaya a bayana rannan da tsintsiya a hannu. Ya ɗaga ɗaya ta wutsiya, ya ajiye shi a bayan hannunsa. Ɓeran bai ko yi yunƙurin gudu ba, ido rabi a rufe.

"Ɗana, waɗannan naka ai barci suke yi."

Na yi dariya na ce, "Baba, magani ne ke aiki." Amma maganar ta tsaya min a rai, shi ya sa na je wajen Farfesa, mai duba aikina, na ce, "Ranka ya daɗe, ko za mu ɗora su a sandar juyi mu gani?" Sandar juyi tun 1957 ake amfani da ita don wannan tambayar: ɓeran da magani ya kashe wa jiki ba ya iya tafiya a kan sandar da ke juyawa, faɗowa yake. Tamu ta shekara a lalace, bel ɗinta ya tsinke. Farfesa bai ɗago daga wayarsa ba. Ya ce sakamako ya fito fes, me nake nema kuma, in je in rubuta, akwai taron da yake so a kai aikin.

Na rubuta. Wannan laifina ne, ba na kowa ba. Na karanta, na san gwajin murɗa ba ya tantancewa: maganin barci, maganin sake jijiya, har maganin mura mai sa gyangyaɗi, duk suna rage murɗawar. Ɓeran da bai motsa ba, ba ka san ko ciwon ne ya tafi ko ƙarfin nuna shi ne babu ba. Na kuma san wane keji ya sha me lokacin da nake ƙirga, kuma idan ɓeran naman kaza ya ɗan miƙe rabi, hannuna kan yi nauyi wajen jan layi a takarda.

Ranar kare aiki, mai jarrabawar da aka gayyato daga wata jami'a, wata dattijuwa mai sanyin murya, ta bar ni na gama tsaf. Sannan ta tambaya, "Ina sakamakon sandar juyi?" Na dubi Farfesa. Ya gyara babbar riga ya ce, a gaban kowa, ai shi ya sha gaya min in yi, yaran yanzu ne ba sa jin magana. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ban musa ba. Wanda takardarsa ke hannun mutum ba ya musu da shi, kuma har yau ban tabbata shirun nan ladabi ne ko tsoro ba.

Na sayo bel a wajen masu gyaran keken ɗinki da kuɗin aljihuna. Na sake komai daga farko. Baba ne ya riƙa sa wa kejin lamba yana ɓoye takardar a aljihunsa, ba na ganinta sai na gama ƙirga. Babban awon ya zubar da ɓerayen daga sanda kamar waɗanda aka ba maganin barci diyazefam, don haka na fitar da shi. A ƙananan awo suka tsaya daram, sai na koma gwajin fomalin, inda ake yi wa ɓera allurar sinadarin fomalin a ƙafa a lura da yadda yake lasarta. A minti biyar na farko, lokacin da jijiya ke kai saƙon zafi kai-tsaye, ban ga wani bambanci ba. Daga minti 15 zuwa 30, lokacin kumburi, lasar ƙafa ta ragu. Kaɗan ne, ba abin kai wa taro ba, amma na san ta yadda aka same shi.

Ga masu shigowa: abin da ka narkar da maganinka a ciki, shi za ka ba rukunin kwatance, wato ɓerayen da ba a ba magani ba, ba ruwan gishiri zalla ba. Kada ka rubuta Ganoderma lucidum a matsayin sunan jinsin naman kazanka don kawai ka ga ja da sheƙi. Ko na Sin ɗin, a 2012 aka gano wani jinsi ne daban aka sake masa suna. Duk umarnin da aka ba ka da baki, ka tura saƙo ka ce, "Ranka ya daɗe, kamar yadda ka ce ɗazu," ka adana. Ɓerayen da na wahalar a zagayen farko a banza, su ne har yanzu ba na son tunawa.

Takardar binciken ta fito watan jiya, sunan Farfesa a gaba. A wajen godiya na sa Baba, Farfesa ya ce ba a saba ba, na ce a bar shi. Bel ɗina yana nan a jikin injin, ɗalibai biyu sun riga sun yi aiki da shi.