Asabar a Coventry

Ruwa ne ya kora ni cikin wani shagon tsofaffin kaya da hantsi. A kan kanta, tsakanin faranta da agoguna, na ga mutum-mutumin yumbu da bai kai kamu ɗaya ba: mace lulluɓe da mayafi, kanta a sunkuye, ta rungume wani dunƙule a ƙirji. Ba ido, ba hanci, ba baki. Dattijuwar da ke shagon ta ce Maryamu ce da jaririnta, aikin hannu na shekarun 1960. Ta kife shi ta nuna min hatimin maginin a gindi, da sawun yatsunsa da suka bushe a cikin yumbun. Ban saya ba, don ko Umma ba ta gani, ni kaina ba zan ajiye irin wannan a ɗakin da nake sallah ba. Amma na daɗe ina juya shi. Sunkuyon kan nan kaɗai ya wadatar, kowa ya gani ya san mai ƙanƙan da kai ce.

Mutum-mutumin nan ne ya tura ni babbar majami'ar garin, wadda kullum nake wucewa ta gabanta in za ni aji. Jiragen Jamus ne suka ƙone tsohuwar a Nuwamban 1940, aka bar kangonta a tsaye, aka buɗe sabuwa a gefenta a 1962.

A jikin bagadi, wato teburin ibada na majami'ar, akwai matokaran kyandir shida da maginin yumbu Hans Coper ya gina, uku ta kowane gefe, kowanne ya fi mutum tsawo, kusan ƙafa bakwai. Gunduwa-gunduwa ya yi su, baƙi da fari, aka jera a jikin sandar ƙarfe. Ba siffar kowa ba ce, amma daga nesa sai ka rantse mutane ne suka yi sahu suna jira. Coper ɗan gudun hijira ne. An haife shi a Jamus a 1920, mahaifinsa Bayahude, ya tsere zuwa Ingila a 1939, ya fara taɓa yumbu a 1946 a wurin maginiya Lucie Rie, suna yin maɓallan riga. Zamaninsu ɗaya da Michael Cardew, wanda ya kafa makarantar tukwane a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, inda Ladi Kwali ta kan naira 20 ta shiga a 1954.

A bayan bagadin akwai ƙaton saƙan hoton Yesu da mai zane Graham Sutherland ya tsara, mai fuska da hannuwa da komai a fili, kuma shi baƙi suke ta ɗauka hoto. Ni dai a ganina aikin Coper ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Na matsa har bakin inda aka yarda a tsaya, na ga farin ba sumul yake ba, kaushi gare shi, baƙin da ke ƙasa yana leƙowa ta inda aka kankare.

Na fito la'asar ta kusa, takalmina jiƙe sharkaf.