Awo da yanka a zanen kayan inji

Yawancin aikin da ke shigowa ƙaramin wurin zane irin namu kayan injin niƙa ne da na cashin shinkafa: fuli, gidan boris, sandar da ke juya su. Mai inji ya kawo wanda ya lalace, mu auna mu zana, mai sassaƙa ƙarfe ya fitar da sabo. Shi mai sassaƙar ba ya wurin lokacin da ake awo, takarda kaɗai zai gani. Duk abin da ba ta faɗa ba sai ya cike da hasashe, ƙarfe kuwa in an rage shi ba ya komawa.

A ɗauki gidan boris mai lamba 6205. Shi boris ɗin, raminsa na ciki milimita 25 ne, faɗinsa na waje 52, kaurinsa 15. Wanda ya rubuta 52 kawai a ramin gidan bai gama aiki ba. Ana rubuta Ø52 H7, wato ramin ya tsaya tsakanin 52.000 da 52.030. Ya wuce haka, boris ya yi ta rawa a ciki har ya cinye gidan. Ya gaza, a shigar da shi da guduma, ya matse, ya yi zafi, ya mutu da wuri.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne jera awo ɗaya bayan ɗaya. Ramuka huɗu, tazarar 40 tsakanin kowanne biyu. A matsakaicin rukunin ISO 2768, ƙa'idar duniya kan iyakar kaucewar awo, awon da ya haura 30 har zuwa 120 an yarda ya kauce da 0.3. In aka auna daga rami zuwa rami, kaucewa uku na iya haɗuwa su zama 0.9, kusar ƙarshe ta ƙi shiga. Gara a ɗauki ramin farko a matsayin tushe, a rubuta 40, 80, 120 duk daga gare shi. Kowane awo sau ɗaya ake sa shi, ƙanana kusa da zanen, manya daga waje, don kada layuka su haye juna. Kuma a hana kowa ɗora rula kan takarda, domin injin kwafi yana iya sauya girman zane.

Cikin abu kuma ba a barinsa ga tsinkakkun layuka. Sai a yanka shi a zane: layi ya ratsa ta inda za a yanka, kibiya a kowane ƙarshe tana nuna ɓangaren da ake kallo, a sa masa haruffa A-A. Duk inda yankan ya taɓa ƙarfe a cike da siraran layuka masu karkatar digiri 45, rami a bar shi fari. Ƙarfe biyu da ke manne, layukan ɗaya su karkata dama, na ɗayan hagu. A nan ne zurfin mazaunin boris da kafaɗar da yake jingina da ita ke fitowa sarai, a nan kuma ya kamata awonsu ya zauna. Fuli, da yake gefensa biyu iri ɗaya ne, yankan rabi ya wadatar: rabi ciki, rabi waje.

Sanda da kusa da noti ba a yi musu waɗannan layuka ko da yankan ya bi ta tsawonsu, haka ma haƙarƙarin da ke ƙarfafa gida. Masu koyo sukan cike haƙarƙarin, sai abin ya fito kamar dunƙulallen ƙarfe, mai sassaƙa ya yi kuɗin aikin da babu shi.

Zanen da ya zo daga waje a fara duba alamar mazurari da ke gindin takardar, ita ke nuna tsarin da aka bi wajen jera hotunan gefe. Amurka na bin tsarin kusurwa ta uku, galibin Turai ta farko, kuma hoton gefen da ɗaya ke ajiyewa a dama, ɗayan a hagu yake sa shi. Na Amurka sau da yawa da inci yake zuwa, sai an ninka da 25.4 ya koma milimita kafin a miƙa wa mai sassaƙa.