Kafin ka taɓa allurar maleji, ka fara duba taya

Fijo 504 da nake hawa ta mahaifinmu ce, cikin waɗanda aka haɗa a Kaduna, kuma ni na gaje ta. Yanzu da nake ganin samari suna farauto irin waɗannan tsofaffin motoci suna tayar da su, sai na ga gara in ba ku labarin wautar da na tafka a kan malejinta, ko wani ya tsira da kuɗinsa.

Ramukan hanya ne suka ishe ni, sai na cire tayoyin da motar ta saba da su, 175 R14, na sa mata 195 R14 irin na bas. Ta ɗan ɗaga sama, ta daina gugar ƙasa, ni kuwa ina ta murna. Wata rana a hanyar Zariya ɗan yayata yana gefena yana auna gudunmu da wayarsa, ya ce, "Kawu, malejinka yana cewa 100, waya kuma tana cewa 105." Na ce masa waya ce maƙaryaciya. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin a babbar hanya 100 ce iyakar da doka ta ba ƙaramar mota, ga shi ina wuce ta ban sani ba.

Da na koma gida sai na kwance agogon malejin, na zare allurar, na matsar da ita gaba da ɗigo biyar na mayar. A 100 ta yi daidai. A cikin gari kuwa sai ta koma yi mini ƙari, in kuma na tsaya cik tana nuna ina tafiya. Ban daddara ba, na ɗauko baƙin mai na ɗura a cikin kebur ɗin da ke juya malejin, wai ko bushewa ya yi. Bayan 'yan makonni man ya bi kebur ya hau har cikin agogon, ƙura ta manne masa, allura ta fara rawa kamar mazari. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Wani dattijon bakanike a Panteka ne ya warware mini. Tun kafin ya taɓa komai ya zagaya motar, ya tsuguna ya karanta lambar jikin taya, ya ɗago ya ce, "Ɗana, wa ya sa maka waɗannan?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya yi dariya har da tafa hannu.

Ga abin da ya fahimtar da ni. Malejin tsohuwar mota bai san hanya ba, juyi kawai yake ƙirgawa. Akwai wani ɗan ƙaramin giya a bayan giyabos, shi yake juya kebur, kebur ya juya maganaɗisu a cikin agogon. Maganaɗisun yana jan wani ɗan kofin alminiyum da allurar take kansa, wani siririn sifirin kuma yana riƙe da kofin kada ya zarce. Duk wannan lissafi an gina shi ne a kan tsayin tayar da masu ƙera motar suka zaɓa. Tsohuwar tayata tsayinta kusan milimita 636 ne, sabuwar kusan 668, bambancin kashi 5 cikin 100. Babbar taya tana cin ƙasa mai yawa a kowane juyi, saboda haka maleji zai riƙa faɗin ƙasa da gaskiya. Kuskuren kuma yana girma ne tare da gudu: ɗaya a 20, uku a 60, biyar a 100. To ta yaya matsar da allura, wadda ke ƙara biyar a ko'ina, za ta gyara wannan?

Don haka ku auna kafin ku kwance. Ku sami miƙaƙƙiyar hanya, wani ya riƙe waya, kada direba ya riƙe, ku rubuta abin da maleji da waya suka nuna a 40 da 60 da 80. Sannan ku yi tafiyar kilomita 10 ku dubi lambobin da ke ƙirga nisa. Nawa 9.5 suka ba ni. In su da allurar sun yi kuskure iri ɗaya, agogon lafiyarsa ƙalau, matsalar tana wajen taya, ko kuma an taɓa sa wa motar giyabos ɗin wata samfurin. In lambobin nisa daidai suke amma allura na ƙarya, to sifirin ne ya gaji ko maganaɗisu ya yi sanyi, kuma wannan aikin mai gyaran agogon mota ne, ba na sukundireban gida ba. Allura mai rawa yawanci kebur ne ya lanƙwashe ko ya bushe. A zare siririn ƙarfen da ke juyawa a cikin kebur ɗin a wanke, a shafa ɗan giris kaɗan, a bar kamar taƙi guda na can sama ba a shafa ba.

Wanda ya nace sai babbar taya, sai ya nemi ɗan giyan nan mai ƙarancin haƙora, don kebur ya ƙara saurin juyi. Ni da Baba mun yi kwana biyu muna tonon tarkace ba mu dace da wanda ya shiga ba. Ƙarshe dai Baba ya wanke agogon, ya mayar da allura mazauninta, ni kuma na koma 175. Tayoyin bas ɗin, guda huɗu da ko wata shida ba su yi ba, wani mai faci ne ya saye su a rabin kuɗi.