Ba a Mugun Sarki: Abin da Finafinan Robin Hood Suka Koya Mini

A kwas ɗin rubutun labarin fim da na yi, akwai zangon da malaminmu ya keɓe kacokan ga labari guda, na Robin Hood, maharbin nan na Ingila da ya shige daji da yaransa yana tare hanya. Doka ɗaya ya kafa mana: duk abin da muka gani a allo, mutum ne ko wuri ko makami, mu binciko shekarar da ya shigo labarin da wanda ya shigo da shi. Aiki ne mai cin rai. Amma daga shi na samo yawancin abin da nake dogara da shi yau in an miƙo mini littafi an ce in mai da shi fim.

Sunan ya fara bayyana a rubuce wajen 1377, a waƙar Piers Plowman ta William Langland, inda wani malalacin limamin coci yake cewa bai ƙware a addu'ar kullum ba, amma waƙoƙin Robin Hood kam ya san su. Ke nan tun lokacin labarin ya gama zaga gari a baka. Mafi tsawo cikin tsofaffin waƙoƙin, A Gest of Robyn Hode, an buga ta wajen 1500, kuma wanda ya tashi da kallon finafinan zai yi ta laluben abubuwa a cikinta bai samu ba. Robin ɗinta talaka ne mai cin gashin kansa, ba shi da ko ɗigon jinin sarauta. Maɓoyarsa tana Barnsdale a yankin Yorkshire. Sarkin zamanin sunansa Edward. Babu budurwa, babu soyayya. Macen da ya ɗaukaka ita ce Nana Maryamu.

Salon fashinsa ma daban ne. Ba ya cin abinci sai da baƙo, don haka yaransa kan je bakin hanya su kamo masa matafiyi. In an ci an ƙoshi, sai a tambayi baƙon nawa ne a jakarsa. Wani barde da duniya ta juya wa baya ya ce sule goma kawai gare shi. Little John, na hannun daman Robin, ya shimfiɗa mayafinsa a ƙasa ya zazzage jakar, aka ga haka ɗin ne. Sai Robin ya ranta masa fam 400 ya je ya fanshi gonakinsa da ya jinginar wa shugaban gidan ibadar St Mary da ke York. Daga baya aka kamo wani ɗan zuhudu na wannan gidan, ya rantse ɗan abin da ke hannunsa bai taka kara ya karya ba, aka zazzage aka tarar da fam 800. Robin ya riƙe duka, ya ce Maryamu ce ta biya bashin har da ninki. Waƙar ta rufe da cewa ya kyautata wa talakawa, amma babu inda aka nuna shi yana yawo ƙauye-ƙauye yana rabon kuɗi. Wanda ya fi kowa morar sa mai doki ne da filaye.

Sauran kayan duk daga baya aka yi ta loda su. Marian, budurwar Robin, da Tuck, limamin cocin da ke cikin tawagarsa, sun samu gindin zama ne ta hanyar wasannin bikin watan Mayu na ƙauyuka. John Major, masanin tarihi ɗan Sikotilan, shi ya ajiye Robin a zamanin Sarki Richard a 1521. Anthony Munday ya naɗa shi basaraken Huntingdon a wasan kwaikwayonsa na 1598. Rikicin Saksawa 'yan ƙasa da Normawa 'yan mamaya, da kibiyar da ta tsaga wata kibiyar gida biyu, littafin Ivanhoe na Walter Scott ne ya yaɗa su a 1819. Tun daga nan na daina ɗaukar ƙorafin "sun ɓata labarin asali" da muhimmanci. Wane asalin? Kowane ƙarni ya zo ya ɗora nasa, na baya kuma ya tarar ya ɗauka haka aka haifi labarin.

Inda na fi daɗewa shi ne fim ɗin 1938, The Adventures of Robin Hood, na kamfanin Warner, wanda Errol Flynn ya ja. Fim ne mai daɗin kallo har gobe. An ɗauki dajin a Chico ta jihar Kalifoniya, da kalar Technicolor mai ɗaukar ido, kuma gwanin baka Howard Hill ne ya riƙa harba kibau na gaske a jikin mutanen da aka yi wa sulke a ƙarƙashin riga. Kowa yana tuna fitowar da Flynn ya kutsa zauren liyafa da barewa a kafaɗa ya jefa ta kan teburi a gaban Yarima John, ƙanen Sarki Richard. Malam bai tsaya a kanta ba. Ya kai mu wata fitowar a daji, bayan an ƙwace dukiyar harajin da aka tatsa daga talakawa. Robin ya hau sama ya tambayi jama'arsa: a raba, ko a ajiye don fanso Sarki Richard? Suka amsa da murya ɗaya a ajiye wa Richard. Nan Malam ya tsayar da fim ɗin ya juyo.

"To, kuɗin wa aka ƙwace, kuma aljihun wa za su shiga?"

Wata ɗaliba ta ce, "Malam, ai na talakawa ne, kuma sarki za a ba."

"Madalla. Ku je ku karanto mini wane ne sarkin."

Richard ya yi mulki daga 1189 zuwa 1199, kuma a cikin shekara goman nan zamansa a Ingila bai fi wata shida ba. Ya tatsi ƙasar ya tafi yaƙin Salibiyya da Salahuddin Ayyubi. A Akka, cikin 1191, ya sa aka karkashe fursunoni Musulmi kusan 2,700. A hanyar dawowa aka kama shi a Ostiriya a 1192, aka yanka masa fansar mark 150,000 na azurfa, kuma mutanen Ingila aka ɗora wa haraji don a haɗa kuɗin. Wato harajin da finafinai suke jibga wa ƙanensa John da hakimin Nottingham, babban dalilinsa shi ne gwarzon da ake jira ya dawo ya share wa kowa hawaye. Hausawa sun riga sun faɗa, ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma a kan wannan ginshiƙin aka gina yawancin finafinan Robin Hood. Jarumin yana karya doka, amma biyayyarsa ga gadon sarauta ta fi ta kowa. Har katun ɗin Disney na 1973, mai dila a matsayin Robin da zaki mai tsotsar yatsa a matsayin John, da dawowar Richard aka warware shi. Wannan ne babban abin da na ɗauka: in ana mai da tsohon labari fim, shawara mafi nauyi ita ce wa za a bari a matsayin bos, wa kuma za a wanke. Tun daga lokacin, kafin in rubuta fitowa ta farko nakan jera duk masu iko a labarin, in duba wanda alƙalamina yake kaucewa, in tambayi kaina dalili.

Duk da wannan ladabi, labarin ya taɓa tsorata hukuma. A 1953 wata mamba a hukumar tantance littattafan makaranta ta jihar Indiyana ta nemi a cire shi daga manhaja, wai ƙwace na mai kuɗi a ba talaka koyarwar kwaminisanci ce. Shekara biyu bayan haka aka fara shiri mai dogon zango a talabijin ɗin Birtaniya, Richard Greene ne jarumi, aka yi kashi 143. Furodusar, Hannah Weinstein, Ba'amurkiya ce da ta koma Landan, ta riƙa ba marubutan da Hollywood ta haramta wa aiki bisa zargin kwaminisanci kwangila a asirce, irin su Ring Lardner Jr. da Ian McLellan Hunter, suna rubutu da sunayen aro. In ka san haka, ka koma ka kalli shirin, za ka lura da yawan labaran 'yan leƙen asiri da maciya amana da mutanen da ake matsa wa su tona abokansu. Yara suna kallon harbin baka, marubutan suna ba da labarin kansu. Haka wanda ya tsara kiɗan fim ɗin 1938, Erich Korngold, Bayahude ɗan Ostiriya: aikin kiɗan ne ya fitar da shi daga Biyana gab da Hitler ya haɗiye ƙasar a watan Maris na shekarar.

Musulmin da finafinai suke sawa cikin tawagar Robin shi ne misalin da ya fi burge ni, don a idonmu aka haife shi. Babu shi a waƙa ko ɗaya. Shirin Robin of Sherwood na 1984 ne ya kawo wani Nasir mai takubba biyu, masu kallo suka so shi. A 1991 sai ga Morgan Freeman a matsayin Azeem a fim ɗin Kevin Costner, yana neman alƙibla a ƙasar da rana ba ta fitowa, yana karɓar haihuwar da ta gagara, yana nuna wa Turawa madubin hangen nesa, abin da ba a ƙera ba sai 1608. Fim ɗin ya fito watanni kaɗan bayan yaƙin Tekun Fasha, ya kuma tara kusan dala miliyan 390. Shirin BBC na 2006 ya zo da mace, Djaq, fim ɗin 2018 kuma ya narkar da Musulmin da Little John suka zama mutum ɗaya, Jamie Foxx ya hau. Cikin shekara talatin da 'yan kai baƙo ya zama ɗan gida. A ganina an ba Azeem ilimi da mutunci amma ba a ba shi buƙatar kansa ba. Duk zamansa a fim ɗin biyan bashin rai ne ga jarumi. Wannan fim ɗin ne kuma ya sa Robin ya sauka a Dover, kudu, ya bi ta katangar Hadrian can kusa da Sikotilan wai zai je Nottingham da ke tsakiyar ƙasa, don kawai akwai wata bishiya mai kyau a wurin. Bishiyar ta yi suna har wasu mutum biyu suka sare ta cikin dare a watan Satumba na 2023, aka ɗaure su.

Akwai abin da kusan kowa ya goge. A waƙar Robin Hood and the Monk, ta wajen 1450, Little John ya sare kan ɗan zuhudun da ya tona asirin Robin, abokinsa Much kuma ya kashe ƙaramin yaron da ke rakiyar mutumin don kada ya ba da shaida, mawaƙin ya wuce ko a jikinsa. A wata waƙar Robin ya datse kan Guy na Gisborne ya yayyanka fuskar da wuƙa. Da aka karanta mana wannan, wani ɗan ajinmu da ya fito daga yankin da 'yan bindiga suka addaba ya ce shi wannan ne Robin ɗin da ya gane, na fim ɗin ne baƙo a wurinsa. Ban ga laifin masu fim da suka tsabtace shi ba, don ba a sayar da tikiti da jarumi mai kashe yara. Amma marubuci ya san me ya share, ya kuma san cewa da sharewar ce ya saya wa ɗan fashi ƙaunar 'yan kallo.

Na baya-bayan nan ban ƙaru da su sosai ba. Fim ɗin Ridley Scott na 2010 ya faro ne daga wani rubutu mai suna Nottingham, wanda hakimin ne jarumi a ciki, aka yi ta gyara har ya koma labarin yadda Robin ya zama Robin, aka cusa masa batun yarjejeniyar Magna Carta ta 1215, wadda ta taƙaita ikon sarki. Abin yabo guda, Russell Crowe, wanda ya fito a matsayin Robin, ya dubi Richard ido da ido ya tuna masa kisan Akka. Na 2018 ya faɗi a kasuwa. Dukansu sun ɓata lokaci wajen bayanin asalin mutumin da kowa ya riga ya sani, suka tsaya daidai inda ya kamata a ce an fara.

Finafinan da suka gabace su kuwa sukan tsaya a afuwar sarki da ɗaurin aure. Tsohuwar waƙar ta ci gaba. Sarki ya yafe wa Robin ya ɗauke shi aiki a fada, ya yi wata goma sha biyar, kuɗinsa suka ƙare, yaransa suka watse, zaman ya ishe shi. Ya roƙi izinin kwana bakwai ya ziyarci wani ɗakin ibada da ya gina a Barnsdale. Da ya isa daji ya harbe barewa ya busa ƙaho, mutanensa suka taru, bai sake komawa fada ba har shekara ashirin da biyu. Ajalinsa ya zo a hannun 'yar'uwarsa, shugabar gidan zuhudun mata na Kirklees, wadda ya je wurinta a yi masa tsaga ta ci amanarsa. Cikin manyan finafinan, Robin and Marian na 1976 ne ya tunkari wannan ƙarshen, da Sean Connery da Audrey Hepburn a matsayin masoyan da girma ya kama. A can Richard azzalumi ne tun fitowar farko, Marian ce shugabar gidan zuhudun, kuma ita ta haɗa gubar da suka sha su biyu.